Badagry Ta Yi Nisa, Jega Ga Ta Nan

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da alli a makarantun sakandare na jihar Kebbi, kuma ko daga barci aka tashe ni zan iya koyar da darasin cinikin bayi. In zana kusurwa uku a allo: nan Turai, nan Afirka, can Amurka. Jirgi ya taso daga Liverpool da bindigogi da barasa da atamfa, ya ɗebi mutane a bakin teku, ya sauke su a gonakin rake da auduga, ya koma gida da sukari. In ba da adadi: mutum kusan miliyan 12 da rabi aka loda a jiragen ruwa, kusan miliyan 2 daga cikinsu ba su ga ɗaya gaɓar ba. Yara su rubuta, su haddace Badagry da Kalaba, tashoshin lodin bayi a bakin teku, su ji haushin Bature, a kaɗa ƙararrawa kowa ya watse.

Wata ranar Laraba, a aji biyu na ƙaramar sakandare, na gama wannan zanen ke nan sai wata yarinya ta ɗaga hannu. Ba mai surutu ba ce, shi ya sa na ba ta dama da sauri.

"Malam, to su mutanen da kakata ke cewa bayin gidanmu ne, su ma Turawa ne suka kamo su?"

Aji ya fashe da dariya. Amma ba kowa ya yi dariyar ba. Akwai wani yaro a benci na uku da ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin bironsa, kuma na san unguwarsu ɗaya da yarinyar. Ni kuwa, malami guda, mai takardar digiri a tarihi, abin da na iya cewa shi ne, "Wannan ba ya cikin manhaja, zauna." Ta zauna. Har yau wannan amsar tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ra'ayina ke nan tun daga ranar: in dai za mu koya wa 'ya'yanmu tarihin bauta, to a fara daga gida. A koya musu na Amurka, ban ƙi ba, yana da amfani. Amma koyar da yaron Birnin Kebbi labarin Badagry, a tsallake Jega da ke nan kusa da shi, wayo ne irin na wanda ya taka tudun laifinsa yana hangen na wani. Kasuwar Jega a ƙarni na 19 ba goro da gishiri da tufafi kaɗai fatake ke ciniki a cikinta ba. Har da mutane, kamar kowace babbar kasuwa ta wancan zamani.

Ba ƙaramin abu muke ɓoyewa ba. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan, bayin da ke cikin Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Amurka, wadda duniya ta sani da bauta, tana da bayi kusan miliyan 4 a 1860. Wato mu ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi. Harshenmu kansa shaida ne. Wace al'umma ce za ta ƙirƙiri kalmomi irin su rinji da bacucane da kuyanga da ƙwarƙwara da sa-ɗaka da murgu, in ba ta daɗe tana zaune da abin ba? Rinji shi ne ƙauyen bayi masu noma gandun ubangijinsu. Bacucane wanda aka haifa cikin bauta. Murgu kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Na taɓa tambayar ɗalibai arba'in da wani abu ma'anar murgu, babu wanda ya sani. Amma da na ce bacucane, fiye da rabi sun sani, domin zagi ne da suke ji a gida. Ma'anar ta ɓace, dafin ya rage.

Akwai masu cewa tone-tonen nan cin mutuncin Shehu Usmanu ne da jama'arsa. Ina ganin waɗannan ba su karanta tarihin da suke karewa ba. Me ya hura wutar jihadin tun farko? A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, a nan ƙasar Kabi, inda Malam Abdussalami da almajiransa ke zaune, ta kwashe Musulmi a matsayin ganima. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Daga nan zama ya gagara, aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. To ka ga, bautar da ɗa yana cikin tushen rigimar. Kuma bayan an ci nasara, wa ya fara kuka da abin da mayaƙa suka koma yi? Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu. Shi ne ya rubuta baitoci yana kokawa da waɗanda burinsu ya koma tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada da dawakin sukuwa a gari, har ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji, sai a Kano aka shawo kansa. Shehun Borno Al-Kanemi ma ya rubuto wasiƙu yana tuhumar masu jihadi da bautar da Musulmi, Muhammadu Bello kuwa bai ƙona wasiƙun ba, ya kawo su cikin littafinsa ya ba da amsa. Su da abin ya faru a gabansu sun yi muhawara a rubuce. Mu jikokinsu ne muka mai da shi abin raɗa.

Ita wannan raɗar tana da farashi, na kuma ga wanda ya biya. Wani ɗan ƙanen mahaifina ya nemi auren wata yarinya, malamar asibiti, mai hankali da addini. An kai gaisuwa, har an fara maganar sadaki. Sai aka tura bincike, kamar yadda aka saba. Bayan kwana uku gwaggonmu ta kira ni ɗakinta, ta sa aka sakaya ƙofa.

"Kai ne mai boko, kai za ka faɗa mishi. Ba mu haɗa iri da gidan nan."

Na ce, "Gwaggo, wane laifi suka yi?"

"Ba su yi laifi ba. Kakan ubanta sayen shi aka yi."

Na ce mata ai wannan ya fi shekara ɗari, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Abu Zarri a kan gorin uwa, ya ce masa har yanzu akwai jahiliyya a tare da kai. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta." Auren bai yiwu ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, Allah ya jiƙanta, marayu nawa ta riƙe. Abin da ta gada ke nan, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita, a makarantar allo ko ta boko, ya nuna mata cewa wanda aka saya ɗin nan yana da gari da uwa da uba kafin mahaya su faɗa musu da asuba. Abin kunyar yana wuyan wanda ya kama, amma mu mun rataya shi a wuyan wanda aka kama, har jikokinsa.

Mutanen kudancin jihar nan ba sa bukatar a gaya musu wannan. Ka tambayi dattawan ƙasar Zuru dalilin da ya sa kakanninsu suka yi gidaje a kan duwatsu alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa. Ka tambayi Kambari da Dukawa da mutanen Yawuri abin da sunan Nagwamatse ke nufi a wurinsu. Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, wanda Turawa suka kora daga garinsa a 1901, shi ne aka rawaito yana cewa ba a hana kyanwa kamun ɓera, kuma ko mutuwa zai yi da bawa a bakinsa za a same shi. Yaron Zuru yana jin wannan a gindin murhu, yaron Gwandu bai taɓa ji ba, sai su haɗu a aji ɗaya a makarantar kwana, malami ya zana musu kusurwa uku. Jihar da ke kiran kanta ƙasar adalci, mai masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kowace da irin tabon da ta ɗauko daga ƙarni na 19, ta fi kowa bukatar a faɗi labarin gaba ɗayansa a wuri ɗaya.

Na san abin da ake tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Duk mai leƙa Facebook da TikTok ya ga yadda ake jifan juna tsakanin masu kiran kansu Hausawa zalla da Fulani, kuma kalmar bawa tana cikin manyan duwatsun da ake jifa da su. Wani abokin aikina ya ce mini, "Malam, ana fama da wuta kai kuma za ka kawo fetur aji." Amma wa ya bar wa masu zagin filin? Mu ne. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Yaran da suka tashi cikin wannan giɓin su ne yau ke koyon tarihi daga bidiyon minti biyu. Wanda ya karanta abin da gaske ya san ba shi da ƙabila. Sarakunan Hausa sun yi ta kai hari suna kamo bayi ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Shehu. Kabawan Argungu, tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, suna yaƙi da Gwandu da Sakkwato, kowane ɓangare yana kwasar mutanen ɗan'uwansa. An bautar da Bahaushe, an bautar da Bafillace, an bautar da Bazabarme da Badakkare. Ilimi ne kaɗai ke ƙwace wannan dutsen daga hannun mai jifa, domin yana nuna masa cewa gidansu ma bai tsira ba, ko ta wannan gefen ko ta wancan.

Sai kuma masu cewa ai bautarmu ba irin ta Amurka ba ce, tamu mai sauƙi ce. Akwai gaskiya a ciki, kuma dole a koyar da ita. Bayin sarki sun riƙe manyan muƙamai, a Kano Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun fi 'ya'ya da yawa ƙarfin faɗa a ji. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado, yana iya zama sarki, kuma da yawa sun zama. A al'ada abin kunya ne a sayar da bacucane. Duk wannan babu shi a gonakin audugar Amurka. To amma kafin wani ya zama Shamaki, ƙauyuka nawa aka ƙona? Matar da aka raba da jaririnta a kasuwa, ko wanda aka sa wa mari aka bi da shi Sahara a ƙasa zuwa Tarabulus, me sauƙin ya amfana musu? A 2023 hukumar ilimi ta jihar Florida ta fitar da manhaja mai cewa bayi sun koyi sana'o'in da a wasu lokuta suka amfane su, Amurka ta ɗauki zafi, mu ma nan muka yi ta tsaki. Na ji maganar ta yi mini kama da wadda nake ji a majalisar unguwarmu bayan la'asar.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko labarin Amurkan da muke koyarwa mun cire kanmu daga ciki. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura dubban mutanen ƙasar Hausa kudu, daga hannu zuwa hannu, har bakin teku. Da yawa sun ƙare a Bahia ta ƙasar Brazil. A can, Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807, suna kuma cikin waɗanda suka biyo baya. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi suka tashi a birnin Salvador sanye da fararen riguna, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ka faɗa wa yaron Kabi cewa wataƙila wani daga yankinsu, mai allo da tawada irin nasa, yana cikin mutanen nan, ka ga yadda zai gyara zama. Ita Brazil ɗin, wadda ba ta soke bauta ba sai 1888, ta yi doka a 2003 da ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen ƙasar a makarantunta.

Yadda bautar ta ƙare a nan ma darasi ne, domin ba kamar yadda ake faɗa wa yara ba ne, wai Bature ya zo ya 'yanta kowa. Gwamna Lugga ya rufe kasuwannin bayi ya hana kai hari, ya kuma yi shela cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Amma waɗanda ke cikin bauta ya bar su a hannun iyayengijinsu, sai dai su fanshi kansu a gaban alƙali, domin yana tsoron gandaye su mutu, sarakunan da yake mulki ta hannunsu su juya masa baya. Dubbai ba su jira ba, suka gudu. Bayin da suka tsere suna cikin waɗanda suka taru a Satiru, kusa da Sakkwato, inda aka yi tawaye a 1906, Turawa da dakarun sarakuna suka shafe garin daga doron ƙasa. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A shekarar Sardauna yana da shekara 26. Ba zamanin Kanta ake magana ba, zamanin kakannin da suka goya mu ne. Kuma Turawan da suka soke ta su ne suka ɗebi talakawa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu.

Ɓangare na biyu na darasin shi ne neman 'yanci, kuma a nan ne labarin Amurka ke da daɗin koyarwa. An soke bauta a 1865, amma sai da aka ƙara kusan shekara 100 kafin baƙar fata ya sami cikakken 'yancin zaɓe da dokar 1965. A tsakani akwai Rosa Parks da ta ƙi tashi daga kujerar bas a Montgomery a 1955, da Ruby Bridges, 'yar shekara 6 da sai da jami'an tsaro suka raka ta makaranta a 1960 saboda fararen da ke mata ihu a ƙofa. Abin da yaro zai ɗauka a nan shi ne doka tana iya kwance mari a rana ɗaya, raini kuwa yana daɗewa. Amma in na gama da Rosa Parks ina so in juyo gida. Jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano tun 1950 suna faɗa da kama-karya da aikin tilas da ake ɗora wa talaka. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, shekaru bayan 'yan'uwansu na kudu. Ga maƙwabtanmu Nijar: Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 a yankin Birnin Ƙonni, ta kai ƙasarta ƙara kotun ECOWAS ta kuma yi nasara a 2008. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya haramta bautar da kowa, sashe na 42 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Ɗalibaina suna haddace waɗannan don jarrabawa, ba tare da sun san suna magana a kan abin da ya faru a ɗakin Gwaggo ba.

Malaman zaure da na Islamiyya su ma suna da rabonsu. Almajiri yana karanta hukunce-hukuncen bayi a Risala, babi bayan babi, kamar labarin wata duniya. Me zai hana a haɗa masa da cewa 'yanta wuya yana cikin wuraren da Alƙur'ani ya ce a kai zakka, yana cikin kaffara, kuma hadisi ingantacce ya sa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama?

Ban ce abin mai sauƙi ba ne. Malaman tarihi sun yi ƙaranci, littafin da ya kawo wannan bayani da Hausa mai sauƙi kusan babu, kuma malamin da bai iya bakinsa ba zai iya mai da aji filin gori. Ni dokata ɗaya ce: ba a kiran sunan gida, ba a kiran sunan unguwa, ba a tambayar kowa asalinsa. Garuruwa da sarakuna da shekaru, waɗannan na tarihi ne. Wanda ya nuna ɗan'uwansa da yatsa ya fita waje.

Na rubuta darasin a shafi huɗu na kai wa shugaban makarantarmu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, abu ya yi kyau, amma a bari sai an ji daga sama." Shekara biyu ke nan ba a ji ba. Ni dai ina koyar da abina a darasin ƙarshe na ranar Alhamis, lokacin da rana ta yi zafi babu mai zagayawa.

A zangon da ya wuce na rubuta kalmomin a allo ɗaya bayan ɗaya ina fassarawa. Rinji. Murgu. Bacucane. Yaran nan sun san an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, sun san na Birnin Yawuri da aka ɗauka a watan Yunin shekarar, wasunsu sai da suka kusa shekara biyu a daji. Sun san ƙauyukan da 'yan bindiga ke tilasta wa mutane noma musu gona kafin su taɓa tasu. Da na rubuta kalma ta huɗu, fansa, na juyo zan yi bayanin yadda dangi ke tara kuɗi su karɓo nasu daga hannun wanda ya kama shi, sai wani yaro da iyayensa suka yi gudun hijira daga wajen Danko-Wasagu ya ɗaga hannu. An sayar da shanunsu biyu da gona kafin a sako yayansa.

Ya ce, "Malam, wannan ba sai ka fassara ba."